Anti, hoton awara ya ɓata ni da jaruma, aurena kuma yana tangal-tangal

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a sakaya sunana. Ni 'yar Kaduna ce, shekarata 29, sana'ata ɗaukar hoto yau shekara bakwai kenan. Da hoton biki da suna na fara har Allah ya ɗaga ni, yanzu ina da ɗan situdiyona, 'yan fim da mawaƙa in sun shigo gari da yawansu wajena suke zuwa, kuma gaskiya sunansu ne ya jawo min kasuwa. Shekara biyu da suka wuce Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki sanadin hawan jini, ni na karɓi girkinsa, daga nan na shiga karance-karance kan abinci, a hankali na bar nama gaba ɗaya, na bar kifi da ƙwai, bara na bar har nono da madara. Na ji daɗin jikina shi ya sa na fara saka hoton girkina a shafina na Instagram ina jan hankalin mutane. Toh watan jiya wata jaruma ta zo aiki, muka daɗe har yunwa ta kama ta, na zubo mata faten acha da awara, tana ci tana santi na ɗauke ta, hoton ya yi kyau ba kaɗan ba. Da daddare na saka shi na rubuta "ko jarumarmu ta gane nama ba dole ba ne, kai me kake jira". Anti ashe tana yi wa wani gidan kilishi talla. Manajanta ya kira ya yi min tatas, ita ta daina ɗaukar wayata, mutum uku sun fasa aikin da muka shirya. Ga wata kuma, wanda zan aura gidansu Rundawa ne, mahaifinsa har yau yana fawa. An kai wa Hajiyarsa rubuce-rubucena har da wanda nace nama guba ne, tace ba za a kawo mata wadda take zagin sana'ar da aka raini ɗanta da ita ba. Shi kuma yace ko in bar maganar abincin nan kwata-kwata ko a dakata da sa rana. Kawuna yace ina haramta abin da Allah ya halatta. Sannan kwanan nan ina yawan jin jiri, yatsuna suna sagewa in na daɗe riƙe da kyamara, ban faɗa wa kowa ba don kar ace ai ga irinta nan. Anti me zan bari a ciki? Ƙanwarki, daga Kaduna ta Arewa.

Wa alaikumussalam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri, jinyar mai shanyewar jiki sai wanda ya yi ta ya san ta, ga ki kina haɗa ta da neman na kai.

Bari in fara da abin da kika tura can ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba, don shi ya fi tsaya min a rai. Jirin nan da sagewar yatsu, dan Allah satin nan ki je asibiti, ko Barau Dikko ko duk inda kike da kati, ki gaya wa likita ƙarara cewa kin daɗe ba nama ba kifi ba ƙwai, tun bara kuma ba nono, a duba miki yawan jini a duba B12, wato sinadarin bitamin da jini da jijiyoyi suke buƙata. Shi B12 ɗin nan babu wani ganye ko hatsi da za a dogara da shi ya ba ki, ba zogale ba wake ba acha, daga dabba yake zuwa ko daga ƙwayar magani, kuma hanta tana ajiye shi na 'yan shekaru shi ya sa mutum yake jin garau da farko sai ajiyar ta ƙare abin ya fara taɓa jini da jijiyoyi, in aka yi sakaci da shi ɓarnar jijiya tana iya zama ta dindindin. Ni ba likita ba ce, ba na cewa lallai shi ne, wataƙila ƙarancin jini ne kawai irin na mata, amma ke da yatsu kike cin abinci fa. Masu wannan tsarin cin a ko'ina a duniya ƙwayar B12 suke sha, ba abin kunya ba ne, ba kuma faɗuwa ba ce. Ga aure a gaba, in ciki ya zo ko shayarwa ƙarancinsa har jariri yake taɓawa. Kafin nan ki raba shayi da lokacin cin abinci don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, ki riƙa matsa lemun tsami a kwaɗo ko ki bi da gwaiba. Ɓoye ciwo don kar a yi miki dariya kuwa, haba ƙanwata, masu dariyar ba su za su yi jinyarki ba.

Toh mu zo kan jaruma, kuma ki yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta. Ke kika yi laifi, ba rabi ba, duka. Ko da ba ta da tallan kilishi ko kusa, laifin yana nan. Baiwar Allah ta shigo situdiyonki ta saki jiki, ta zauna tana cin abinci, kinsan yadda 'yan fim suke tsare fuskarsu, ba kowa suke bari ya ga bakinsu cike da abinci ba, ta yarda da ke ne, ke kuma kika ɗauki wannan yardar kika liƙa mata maganar da ba ta faɗa ba. Santin fate daban, barin nama daban. Ni kaina an taɓa min makamancin haka, bayan bikina da wata biyu ina wucewa ta titin Ahmadu Bello sai ga hotona na amarci an wanke shi ƙato an kafe a gilashin shagon mai hoton, mayafi ya zame, ina dariya haƙora duk waje, 'yan acaba suna tsaye a gindinsa suna jiran fasinja. Hoton ya yi kyau wallahi, ya fi wanda ya ba ni ma, amma har yau in na tuna sai na ji kamar an kware min zane a kasuwa, kuma ban sake tura masa ko mutum ɗaya ba. Ke kuwa da kika ce sunan mutanen nan ne ya jawo miki kasuwa, toh ki sani ba kyamara suke biya ba, kyamara kowa ma yana da ita a waya, rufin asiri suke biya. Mutum ukun da suka fasa ba awara suka tsana ba, tsoro suka ji kar gobe a wayi gari da fuskarsu a wa'azin da ba su sani ba. Ko ta fuskar doka, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da ta kare bayanan mutane ta 2023 ba su bar mai hoto ya yi yadda ya ga dama da fuskar kwastoma ba, gara da abin ya tsaya a faɗan manaja.

Gyaran ba ta waya ba ne. In ba ki goge hoton ba ki goge yanzu kafin ki ƙarasa karanta wannan. Sannan ki nemi wanda take jin nauyinsa a harkar, ko mai kwalliyarta ko wani dattijo cikin furodusoshi, ya yi miki iso ki je ƙafa da ƙafa, ko Kano ne ki shiga mota a Kawo ki je, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In kin je kar ki kawo "ai niyyata mai kyau ce", kar ki kawo labarin ciwon Baba don a tausaya miki, ki ce na yi kuskure, na sa miki magana a baki, me kike so in rubuta in wanke ki a wajen masu tallan. Ita za ta zaɓi kalmomin, ke ki saka a inda kika saka na farko. In ta huce falillahil hamdu, in ba ta huce ba kin sauke naki, kar ki bi ta da naci. Daga yau kuma duk wanda zai zauna gaban kyamararki, babba ko ƙarami, ki tura masa saƙo a WhatsApp kafin aiki, wane hoto zan iya sakawa, a wane shafi, da wane rubutu a ƙasa, ya amsa ki ajiye. Kuma ki raba shafin biyu, na situdiyo daban na girki daban, amaryar da ta zo neman mai hoto ba ta zo a yi mata faɗa kan farfesun kayan ciki ba.

Ba ke kika fara haɗa sana'o'in nan biyu ba, kuma suna haɗuwa lafiya lau. Akwai Linda McCartney, Ba'amurkiya, matar Paul McCartney na ƙungiyar mawaƙan Beatles ta Ingila, ita ce mace ta farko da hoton da ta ɗauka ya hau bangon mujallar Rolling Stone a 1968, daga baya ta bar nama har ta buɗe kamfanin abinci marar nama a 1991, ta rasu 1998 kamfanin bai mutu ba. 'Yarta Mary ta gaje ta a duka biyun, a 2009 ita da mahaifinta da ƙanwarta Stella suka fara kiran mutane su bar nama ranar Litinin kawai, rana ɗaya tak a sati, a 2015 kuma ita aka kira ta ɗauki hoton Sarauniya Elizabeth lokacin da ta zarce kowa daɗewa a gadon sarautar Birtaniya. Sarauniyar tana cin namanta, mai hoton ba ta ci, aka yi aiki aka tashi ba wanda ya yi wa wani huɗuba. Da Mary ta tashi haɗa girki da hoto kuwa, dafawa take ta kai wa shahararrun mutane har inda suke, su ci tare ta ɗauke su, kowa ya san me ake yi tun kafin a ɗora tukunya.

Amma fa ki lura da su waye suke yi wa magana, mutanen da nama yake kan farantinsu safe da rana da dare. Ke kuma a Kaduna kike. Ki tsaya a teburin mai nama a Kasuwar Barci da yamma ki ga yadda uwar 'ya'ya bakwai take cewa a yanka mata na miya, a ba ta ɗan abin da ba zai cika tafin hannu ba tana roƙon gyara, wasu gidajen a Rigasa da Tudun Wada daga layya sai layya suke ganin nama ya wadata. Ki ce wa wannan matar ta bar nama, me ta ci balle ta bari? Zagi za ta ji. Alhali abin da kike kira a kai tun kakanni muke cinsa ba tare da an sa masa suna ba, ɗan wake, alale, ƙosai, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kwaɗon rama, miyar kuka da daddawa, miyar taushe, faten tsaki da yakuwa da gyaɗa, wake da shinkafa da mai da yaji, kunun gyaɗa, ga awara da 'yan mata suke soyawa a kowane lungu, waken suya kuwa a busasshensa kusan kashi 36 zuwa 40 cikin ɗari furotin ne mai gina jiki, kuma a jihar nan ake noma shi tare da masara da citta da acha. Matsalarmu raini ne, mun ɗauke shi abincin babu, baƙo ya zo a ji kunyar fito masa da shi. Nan ne kyamararki take da aiki. Ke da kika iya haska fuskar jaruma har ta fi yadda take, ki haska kwanon kwaɗo haka, ki je Bakin Dogo da sassafe lokacin da ake sauke kayan gwari raɓa ba ta bushe a jikin alayyahu ba. Sannan ki tambayi 'yan fim ɗin nan, da izininsu, wane abinci mahaifiyarka take dafawa ranar da babu kuɗin nama? Kusan dukkansu 'ya'yan talakawa ne, kowa yana da amsa, wani ma sai ya yi hawaye. Ki dafa masa shi, ki ɗauke shi yana ci yana ba da labarin tsohuwarsa. Ba wanda zai fasa tallan kilishi a kan wannan, kuma mutane za su dafa.

Kalmar guba kuwa ki janye ta don ba gaskiya ba ce. Abin da cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2015 shi ne naman da aka sarrafa irin su sosej da na gwangwani yana jawo kansar hanji, jan nama kuma akwai yiwuwar hakan, kuma magana ce ta yawan ci, ba ta tsoka biyu a miya ba. Hawan jinin Baba ma gishiri ya fi kusa da shi, hukumar cewa ta yi kar babba ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan har da na cikin magi, kuma kanwar da muke zubawa a ɗan wake da kuka ita ma dangin gishiri ce, awarar da ta sha mai da magi da yaji ba lallai ta fi dafaffen kifi alheri a jikinsa ba.

Kawu yana da gaskiya rabi. A Suratul Ma'ida aya ta 87 Allah ya hana mu haramta daɗaɗan abubuwan da ya halatta, kuma Annabi (SAW) ya tsawata wa sahabban da suka so barin nama da aure da barci don ibada. Amma ƙin ci daban, haramtawa daban. An kawo wa Manzon Allah gasasshen damo ya janye hannu, Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne yace a'a, babu shi ne a ƙasar mutanensa ransa bai so, Khalid ya jawo ya ci a gabansa, hadisin yana Bukhari da Muslim. A Muwaɗɗa kuma Sayyidina Umar ya yi kashedi da yawan cin nama yace yana da jaraba irin ta giya. Ki gaya wa Kawu da bakinki cewa nama halal ne, yanka halal ne, layya sunna ce mai ƙarfi kuma in kina da hali za ki yi, ke dai ba kya ci ne, ki gani in bai sauko ba. In kuma kika duba zuciyarki kika ga kin fara ganin masu ci kamar masu laifi, toh wannan ki zauna da malami.

Sai Hajiya. Ki sa kanki a matsayinta na minti ɗaya, mijinta yana fita mayanka tun kafin gari ya waye, da wuƙar nan aka biya kuɗin makarantar yaron da ya burge ki, da ita za a haɗa lefenki, kuma kinsan yadda wasu suke ɗaga wa Rundawa hanci a maganar aure duk da ba gidan da yake biki ko suna ba tare da su ba, sai ga wadda za a kawo mata gida tana shelar nama guba ne a gaban dubban mutane. Ba abincinki ne ya ƙona mata rai ba, ji ta yi kin shiga layin masu raina su. Ki sa babbar mace daga gidanku, gwaggo ko yayar Mama, ta raka ki gaisuwa, ki durƙusa ki ce Hajiya na yi suɓul da baka, ciwon Babana ne ya tsorata ni na wuce gona da iri, ban taɓa nufin sana'ar Baba ba. Ki goge rubutun tun kafin ki je. Kar ki tafi da kular awara ranar, za a ce tsokana ce, turare da atamfa sun isa. In zama ya yi daɗi nan gaba, ki nemi izinin surukinki ki ɗauke shi hoto a bakin sana'arsa irin ɗaukar da kike yi wa manyan jarumai, ki wanke ki sa a firam, mai yiwuwa tunda yake ba wanda ya taɓa yi masa.

Shi kuma angon, ban ga laifinsa ba da ya tsaya wa mahaifiyarsa, da bai tsaya ba ma da na ce ki yi hattara da shi. Amma "ki bari kwata-kwata" ta yi faɗi, ku zauna ku tsattsage ta, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ba shi abin da za ki iya, ba sukar nama, ba sukar mahauta ko makiyaya, shafin girki ya zama na koyar da girki. Ki tambaye shi abin da zai iya, zai bar ki ki ci abin da kike so ba gori? Ke ma ki amsa wa kanki tsakani da Allah, za ki dafa masa nama, tunda gidan mahauci za ki shiga kullum sai an aiko da shi? Ranar Babbar Sallah za ki zauna cikin facaloli a yi suya ko ɗaki za ki shige ki toshe hanci? Yara fa, ni a ganina ki bar su su ci komai har su girma su zaɓa. In kina iya dafawa ba ki ci ba, auren nan zai zaunu, mata nawa ne suke dafa abin da likita ya hana su. In kuma ko warinsa ba kya iya jurewa, gara ki faɗa yanzu a rabu ana mutunta juna, da a kai ki a dawo da ke. Wani abu ɗaya kuma ki bincika da kyau, ki tambaye shi kai tsaye ko abincin ne kaɗai damuwar ko har da zaman da kike da 'yan fim a situdiyo, don wani lokacin ana fakewa da guzuma ne a harbi karsana, in situdiyon ake so ki rufe toh wannan magana ce ta waliyyai, a yi ta a fili kafin a karɓi sadaki.

Ni da za ki bi tawa, da kin dawo da nono da ƙwai ko da sau biyu ne a sati, kin huta da rabin rigimar jiki da ta dangi, amma cikinki ne, in kin tsaya a kan bakanki toh ƙwayar B12 ta zama dole. Ki rubuto min in kin karɓo sakamakon gwajin, kuma dan Allah ki haɗo min da yadda kike faten achan nan, nawa kullum caɓewa yake yi.